Da Sauƙi, In Ji Malam

Kakar da aka sari maigidana a hannu, komai a unguwarmu ta Glenwood a hankali yake tafiya. Ganye na sauka a barandarmu ɗai-ɗai, jirgin ƙasa ya yi kuka can nesa, ni kuwa ina yawo a gida kamar wadda ba ta gama farkawa ba. Wani ne ya tare shi da wuƙa a tashar bas, da rana tsaka, yana dawowa daga jami'a. An ɗinke raunin, amma yatsun dama suka ƙi motsi. Likita ya ce a yi aikin jijiya da wuri, in ba haka ba hannun ya tafi ke nan. Inshorar ɗalibai ba ta kai nan ba.

Wata nas ce ta gaya mana jiha ta fara biyan kuɗin maganin waɗanda aka kai wa hari, muddin sun kai ƙara ga 'yan sanda kuma ba su suka ja faɗan ba. Muka cika takardu, muka haɗa da rahoton 'yan sanda da na asibiti, muka aika Raleigh, babban birnin jihar. Sai wata mai bincike ta fara bugo waya, ta ji yadda raunin ya taɓa rayuwarsa.

To, bar ni da Malam, maigidan nawa. Mutumin da ko ciwon haƙori bai taɓa faɗa ba. Duk bugowarta sai ya gyara murya ya ce da sauƙi, an gode Allah. Baiwar Allah kuma ta rubuta yadda ta ji. Na ce, "Malam, wannan fa ba gaisuwa take yi ba." Ya ce namiji ba ya kai kuka wurin baƙuwa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don kwanakin da likita ya ba mu na ta ƙarewa.

Rannan mai binciken ta zo da kanta, tana shirin rufe maganar. Ina tuna hasken la'asar a kan labule, da ƙamshin miyar kuɓewa, da 'yar ƙurar da ke shawagi tsakaninsu. Ta tambaye shi ko akwai abin da ya kasa yi yanzu. Ya yi murmushi. Ni dai na tashi na kawo tuwo, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, na ajiye kwano a gabansa shi ma.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya kai hannun, yatsun suka kwanta a kan tuwon, suka tsaya nan. Matar ta ajiye cokalinta.

Bai ɗago kai ba ya ce mata, "Tun ranar da abin ya faru, matata ke ba ni a baki."