Malama Muhsina, Wadda Ta Taka Har Gonar Babana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 4 ga watan Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran malamarmu ta kwamfuta, Malama Muhsina Hamza, a wani asibiti a Kano, jim kaɗan bayan ta haihu. Jaririyar tana raye. Muna tsaye a layi a filin makaranta aka sanar da mu. Shugabar makaranta ta fara sanarwar, mataimakinta ya ƙarasa. Bayan azahar aka yi jana'izarta a Bunkure.

Sunana Mansura Muhammadu Sani, ina aji shida na sakandare. Malama, shekara uku kina koyar da ni, kuma ba na jin na taɓa ɗaga hannu a ajinki fiye da sau biyar. Ba ki taɓa matsa min ba. Sai ki zo ki tsaya a bayana, ki duba littafina, ki ce, "Daidai ne, ci gaba."

Kwamfuta huɗu ce ke aiki a makarantarmu, mu kuwa mun haura sittin a aji. Duk da haka ba ki yarda mu zauna a baya ba. Kowace Litinin kikan buɗe wayarki ki karanta mana labaran fasaha na makon, ki fassara mana da Hausa. A bakinki muka fara jin ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, da yadda take iya kwaikwayon fuskar mutum da muryarsa. Ke kika koya mana cewa duk wanda ya kira ya ce mu karanta masa lambar da ta shigo wayarmu, mu kashe kiran. Ranar da kika gano Rufaida ta sa sunanta a matsayin kalmar sirri, kin ce, "Rufaida, kin kulle ɗaki kin bar makulli a jikin ƙofa, kin kuma rubuta wa ɓarawo barka da zuwa." Har Rufaidar sai da ta yi dariya. Da yamma matan unguwa sukan kai miki wayoyinsu ki gyara musu tsaro, ba ki taɓa korar kowa ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya same ni a watan Disamba.

Na ci kyautar lissafi, aka ɗauke ni hoto, aka sa a guruf ɗin iyaye. Bayan mako biyu wani hoto ya fara yawo a wayoyin garinmu. Fuskata ce, ina zaune a mota kusa da wani mutum da ban taɓa gani ba, kaina babu ɗankwali. A wurin lodin tumatir aka miƙa wa Babana waya ya gani, a gaban mutane. Da ya dawo gida bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Daga yau kin gama makaranta." Na rantse masa ba ni ba ce. Ya ce, "Da idona na gani." Jarrabawar ƙarshe saura wata biyar. Kwana goma sha ɗaya na yi ko zaure ban leƙa ba.

A rana ta goma sha biyu kika yi sallama a gidanmu, da cikinki wata bakwai. Kin karɓi wayar Umma, kin buɗa hoton da yatsu, kin nuna mana hannun da ke kan ƙofar motar yana da yatsa shida, rubutun jikin gilashi kuma ba harafin kowane yare ba ne. Kika ce, "Ba ke ba ce. Tun kafin in duba na sani." Sannan kika tambayi inda Baba yake. Umma ta ce yana gona, kuma an saki ruwan noman rani, ko babur ba ya shiga. Kika cire takalmi kika riƙe a hannu. Muka bi gefen kanal, babbar magudanar ban ruwa, kina gaba ina baya, sau uku kina tsayawa ki huta.

Mun sami Baba yana ban ruwa tare da maƙwabcin gonarsa, Baba Isiyaku. Su biyun sun fi shekara ashirin suna gardamar tumatirin wa ya fi kyau. Kin durƙusa kin gaishe su. Kin nuna wa Baba yatsun, ya kawar da kai ya ce, "Malama, na gode da kika zo, amma hoto ba ya ƙarya."

Ba ki yi masa gardama ba. Kin nemi izini ki ɗauki muryarsa, kika tambaye shi yadda noman bana yake. Ya yi ta bayani a kan rabon ruwa da tsutsar da ta dami tumatir. Kika hau kan kwalbati inda sabis ya fi ƙarfi, kina danne-danne. Can sai muryar Babana ta fito daga wayarki, har da gyaran muryar da yake yi kafin magana: "Ni Muhammadu Sani, na yarda tumatirin Isiyaku ya fi nawa. A wurinsa na koyi noma."

Baba Isiyaku ya yar da fartanya ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Yau gaskiya ta fito! Malama, turo min, har kasuwar Bunkure sai an ji."

"Wallahi ban faɗa ba!" in ji Baba. "Waɗannan 'yan ƙananan naka masu kama da gauta? Yaushe na faɗa?"

"Da kunnena na ji, Sani. Ko za ka ce ba muryarka ba ce?"

"Muryata ce, amma ba ni ba ne!"

Sai kika ce a hankali, "Malam, abin da Mansura take faɗa maka ke nan tun makon jiya."

Kin matsa kusa da Baba kin goge muryar yana kallo, kika ce ba kya ajiye muryar mutum a wayarki. Abin da kawai Baba ya ce shi ne, "Isiyaku, ɗauro amalanke, kada Malama ta koma a ƙasa."

Ranar Litinin da kansa ya kai ni makaranta a babur.

Sai dai gari bai san abin da ya faru a gona ba. Baba bai faɗa wa kowa ba, ina jin nauyin abin ne ya hana shi. Wanda ya haɗa hoton ba a gano shi ba har yau. Idan na wuce, mata sukan yi shiru, sai na yi nisa su ci gaba. Iyayen wasu ƙawayena sun hana su tafiya tare da ni. Kin lura, kika ce in kin sauka lafiya za ki tara iyaye ki nuna musu kamar yadda kika nuna wa Baba. A ranar na so in yi miki godiya, na tsaya a bakin ofishinku har aka kaɗa ƙararrawa, na kasa shiga. Na ce sai kin dawo.

Da aka sanar da rasuwarki na yi kuka dominki, kuma ina neman gafarar Allah, na yi kuka domin kaina ma. Na ɗauka babu sauran mai wanke ni.

Ranar addu'ar uku muna cikin gidanku tare da mata, maza suna kan tabarmi a ƙofar gida. Bayan addu'a sai na ji muryar Babana ta bayan katanga. Ya ce, "Jama'a, akwai maganar da ya kamata in yi tana da rai, ban yi ba. Na zalunci 'yata a kan hoton ƙarya. Wannan baiwar Allah, da tsohon ciki, ta taka har gonata ta nuna min." Ya ba da labarin duka, bai rage ko maganar tumatirin ba. Baba Isiyaku ya ce, "Ni shaida ne." A cikin gida matan suka juyo suna kallona. Mahaifiyarki, wadda ba ta san ni ba, ta jawo hannuna ta riƙe, ba ta sake shi ba har muka tashi.

Malama, a watan Mayu zan zauna jarrabawa in sha Allah, kuma yanzu ina tafiya makaranta kaina a ɗage. Na gode.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Abdulsamad, da mahaifiyarki, da 'yan'uwanki, da malamanmu da ɗalibai baki ɗaya. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Allah ya raya jaririyar da kika bari, ya haɗa ta da masu tsaya mata. Ya Allah, ka ji ƙan Malama Muhsina, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Kamar yadda ta rufa min asiri a duniya, ka rufa mata a ranar da babu mai rufawa sai kai. Amin.