Iska Ba Ta San Iyaka Ba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ku bar ni in kai ƙarshe, don wannan ba ta dariya ba ce, ko da yake da dariya na fara jin ta.

Ina ƙarama, a ƙauyenmu da ke gefen Lugu, in an gama ɗaurin hatsi sanyi ya sauko, kakata Iya Kuluwa takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da gyaɗarsa a cikin toka. Ta yi bori a ƙuruciyarta, ta san kirarin kowace doguwa, amma ban taɓa ganin ta ba wani magani ba. In an zo nema sai ta ce, "Je ka, ɗan nan, ni tatsuniya ta rage mini."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wani manomi ne, kyan hatsin maƙwabcinsa ya hana shi barci. Ya tafi wurin boka. Boka ya ba shi gari a cikin ƙaho, da ruwan jiƙo a gora, ya ce, "Ka wanke fuska da ruwan, ka tsaya a iyakar gona, ka hura garin. Iska za ta kai shi." Mutumin ya ɗauka iskar bori ake nufi, mai jin aike. Ya wanke fuska, ya cika kumatu, ya hura. Sai iskar Allah ta juyo, ta watsa masa garin a ido. Ya lalubi gora, ba ko ɗigo. Da sanda aka ja shi aka maida shi wurin boka.

A nan Iya Kuluwa takan maƙale murya: "Kai boka, ba ka ce iska za ta kai ba?" Sai ta sauke ta ƙasa: "Ta kai mana. Na ce maka iska ta san iyaka?"

Mu yi ta dariya har gyaɗa ta ƙone. Ita ba ta yi. Sai ta ce, "Ku yi ta washe haƙora, ja'irai. Mai hura gari, fuskarsa ce mafi kusa."

Na girma, na yi aure, na haifi maza biyu, Arzika da ƙanensa Nomau. Da ubansu ya rasu aka raba musu gona, aka dasa gamba a tsakani. Ni ina zaune gidan Arzika. Wata damina tsutsa ta faɗa wa wake, Arzika ya samo garin maganin ƙwari wurin malaman gona, ya ƙulla a tsumma yana kaɗawa. Da idona na gani. Iska ta kwashi garin ta shafa wa gambar iyaka fari fat. A shekarar kuwa hatsin Nomau bai yi ba. Sai ya ce farin garin nan na gamba asiri ne wansa ya yi masa.

Na ce, "Nomau, maganin tsutsa ne."

Ya ce, "Inna, tuwonsa kike ci."

Ya hau amalanke ya nufi wani boka can wajen Dogon Kiriya. Ya dawo da nasa garin, ya binne a gindin gamba, da ruwan jiƙo da zai riƙa wanka da shi a kan turmi. Da kuma sharaɗi: kada ya sake shan ruwan gidan da wansa ke kwana.

Ranar sallah ya zo gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofa. Na ɗebo ruwan randa a ƙwarya na miƙa masa, kamar yadda ake yi wa ko baƙon da ba a san sunansa ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya aje a ƙasa.

"Inna, na sha a hanya."

Leɓensa kuwa a tsage yake don ƙishi. Ɗan da ya sha nonona ke tsoron ruwan hannuna. A ranar na gane abin da ya hana Iya Kuluwa dariya. Garin bokan bai taɓa ko zangarniya ɗaya ta Arzika ba. A idon Nomau ya sauka, har ya daina gane uwarsa.

Iya Kuluwa ta daɗe a ƙasa, Allah ya yafe mata. Bokan, an ce yanzu a kan babur yake zuwa kasuwa. Arzika na nan yana noma, amma ba ya kai hauyarsa kusa da gamba, ciyawa ta cinye wurin. Nomau ya ba da aron gonarsa ya koma Tibiri, ƴaƴansa ba su san ƙofar ɗakina ba. Ni kuwa kowace safiya nakan wanke ƙwaryar nan in kife ta a bakin randa.

Ƙurunƙus. Wannan ba a kan kusu ta ƙare ba, a kaina ta ƙare.