Ni da Turken Malamin Gona

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, wannan da idona na gan shi.

Damina ta biyu bayan rasuwar maigidana, ƙaninsa ya zo mini da baƙo a kan babur. Malamin gona ne daga Gumel, Kirista, mutumin wajen Jos, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Wai sabon irin gero za su gwada a gefen gonata da ke bayan Ɗanzomo. Gonar nan ita kaɗai aka bar wa marayuna. Lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin hukuma na neman fili wajen Maigatari.

Na yarda da baki, zuciyata ba ta yarda ba.

Aka shuka. Sai mutumin nan ya kafa turke a bakin gona. Duk mako ya zo ya tsaya daidai turken, ya ɗaga kyamara, ƙyas, ya hau babur. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Iya, jera hotunan ake yi, a ga yadda geron ke tashi."

Na ce a raina, gero ake kallo ko ƙasa? Hoton gona ba mutum a ciki, ai gona ce marar mai ita.

Da ya dawo, ya tarar da ni tsaye tsakiyar kunya.

"Iya, ɗan gusa mana."

"Ɗan nan, a gonar wa zan gusa?"

Ƙanin mijina ya ce, "Yaya, kya fasa masa kyamara da wannan fuskar."

Na ce, "Ta fashe."

Malamin ya yi dariya, ya ajiye sandar awonsa, ya ce ni ma na isa ma'auni. Haka muka yi ta yi. Gero ya kawo mini gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo kafaɗa. Ranar da ya shanye ni gaba ɗaya, hankalina ya tashi, don ga gona a hoto, babu ni. Na koma gida na ɗauko turmi a ka, na kife shi, na hau, na ɗaga faifai sama.

"An gan ni?"

"An ga faifai, Iya."

"To ɗauka. Kowa a Ɗanzomo ya san saƙata."

Aka yi girbi, ba wanda ya zo da igiyar awo. Malamin ya kawo mini hoto ɗaya, na faifan. Na tambayi sauran, ya ce suna ofis. Washegari na tuge turken na sa a murhu.

Shi malamin an mayar da shi garinsu, na ji ya yi ritaya. Ƙanin mijina Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Gonar tana hannun babban ɗana, irin geron nan yake shukawa har yau. Ni kuwa ga ni, in na ji babur ya tsaya a bakin gona, sai na aika a dubo.