Faɗin Lungun Injin Niƙa

Idan mutum ya zo ya ce yana so ya sa hannu a aikin taswira, Baba ba fuskarsa yake fara kallo ba, takalminsa yake kallo. Mai takalmi fes, wanda ƙasa ba ta ci ba, sai ya nuna masa kwamfuta, ya zauna yana zana rufin gidaje daga hoton tauraron ɗan'adam. Wanda dunduniyar takalminsa ta cinye kuma yana da babbar waya, waje zai tura shi, ya bi unguwa yana sa alamar famfo da kemis da makaranta. Marar babbar waya ma ba ya komawa gida haka nan. Baba zai buga masa yankinsa a takarda, ya miƙa masa biro, ya ce, "Je ka gano mana, ka rubuto." Duk abin da aka tattaro yana hawa taswirar intanet ɗin nan wadda kowa yake iya gyarawa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a keke kafin gwiwa ta ajiye shi. Ya san kowace ƙofa a garin nan, har da wadda karenta ba ya son mai hula. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ni ce hannunsa a kwamfuta, don shi bai taɓa yarda ya taɓa linzaminta ba, ɗan abin nan da ake juya kibiyar allo da shi. Wai abin yana guje masa. A ɗakin baya na laburare muke aiki ran Asabar, da tebur uku da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo.

Abin da ya kawo shi aikin nan ba ɓoyayye ba ne. Shekara huɗu ke nan, Mama ta je gaida ƙanwarta a bayan kwari, ta yanke jiki ta faɗi da rana tsaka. Aka kira motar asibiti. Direban bai san unguwar ba, sai aka haɗa shi da Baba a waya daga gida. Ina tsaye kusa da Baba. Minti arba'in yana cewa, "Ka shiga lungun injin niƙa, ka miƙe!" direban yana cewa babu hanya. Da motar ta zagayo ta isa, Mama ta riga ta cika. Tun ranar Baba yake cewa rashin taswira ne ya kashe masa mata, da direban da bai san garinsu ba.

Doka ɗaya ya kafa wa 'yan sa kai, yana maimaita ta har ta ishe mu: abin da idonka bai gani bana ba, ba ya shiga taswira.

Asabar ɗin da nake son ba da labarinta, ofishin motocin asibiti sun aiko cewa da ƙarfe huɗu za su kwafi taswirar su zuba a wayoyin direbobinsu, kuma da ita za a yi aiki har damina ta wuce. Mun gama ko'ina sai bayan kwari. Can ma layi ɗaya ya rage, lungun injin niƙa. Ko dai in sa masa alamar hanyar mota, ko ta masu ƙafa. A hoton sama bishiyoyi sun rufe rabinsa, hoton kuma ya kwana biyu.

"Sa hanyar mota," in ji Baba.

"Wa ya je ya gani?"

"Ni."

"Yaushe, Baba?"

Malamin makarantar da ke zana rufi a tebur na biyu ya sunkuyar da kai kamar ya ga wani sabon abu a allonsa.

"Ke za ki koya mini lungun injin niƙa? Tun ba a haife ki ba nake bin sa. Babbar mota na gani da idona ta shiga ta sauke bulo."

"Ban musa ba. Bana nake tambaya."

Ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba. Amma direban da zai bi layin nan da marar lafiya a bayansa ba zai san wanda ya zana ba, zai dai yarda ya bi. Na ɗauke hannuna daga linzami na ɗora a cinya. Ƙarfe uku saura kwata.

Da safe Baba ya ba wata tela takardar bayan kwari. A can take da shago. Wayarta ƙarama ce, ta kira kawai, kuma ba ta rabuwa da tef ɗin awo a wuya, har muna zolayarta cewa da shi take wanka. Ba ta dawo ba. Na kira ta, wayar a kashe. Malamin makaranta ya ce zai hau babur ya dubo. Baba ya ce ba inda za shi, ba a aiken mutum ya dubo abin da aka riga aka sani. Malamin ya koma ya zauna.

Ƙarfe uku da rabi ofishin suka kira suna tambaya ko mun kammala. Na ce saura kaɗan. Baba ya dogara sandarsa ya taso ya tsaya a kaina.

"Idan ba za ki sa ba, tashi malam ya sa."

Ban tashi ba, ban kuma ɗaga kai ba. Ina jin numfashinsa a bayan wuyana. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, duk a lokaci guda.

Huɗu saura minti goma sha biyu tela ta faɗo ɗakin tana haki, takardar ta jiƙe da gumi a hannunta.

"Ku yi haƙuri, caji ne ya ƙare. Baba, ga takardarka. Famfo biyu, ɗaya ya mutu. Kemis ya tashi."

"Lungun injin niƙa fa?" na tambaya.

"Shi ya tsayar da ni ai." Ta zare tef daga wuyanta. "Wannan inci sittin ne. Na fara biyawa na auna motar asibitin tana fake, tef ɗaya da rabi ce, ban da madubi. Lungun kuwa, daidai inda aka ja katanga, tef ɗaya ne da inci huɗu. Sau uku na auna. Amalanke ma sai an karkata ta."

"Wace katanga?" in ji Baba.

"Ta mai injin. Ya ƙara ɗaki ta waje, ya cinye rabin hanya. Mota sai dai ta zagaya ta bayan makaranta, can na auna tef biyu har da saura."

"Sabon gini ne ke nan."

"Ina! Ya daɗe. Shekarar da na kama shagona aka yi shi, ni na ɗinka wa matarsa labulen ɗakin. Bana shekara biyar cif."

Ba ta san abin da ta faɗa ba. Ni na sani, don na yi lissafin kafin ta rufe baki. Na juya na kalli Baba, na ga shi ma ya yi. Hannunsa ya kama bayan kujerata.

"Biyar," ya ce a hankali. "Ashe yaron nan direban yana gaban katanga, ni ina ta yi masa tsawa."

Fanka tana ta ƙararta. Saura minti bakwai.

Ya ce in matsa. Na matsa. Ya zauna, ya ɗora hannunsa a kan linzamin, kibiyar tana ta yawo a allo ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Na ɗora hannuna a kan nasa har muka kai kan layin. Shi ya danna da kansa, ya mai da lungun hanyar masu ƙafa. Sannan muka ja hanyar bayan makaranta yadda tela ta rubuto, na tura wa ofishin saura minti biyu.

Mutane suka fara tattara kaya ba mai kallon wani. Baba ya daɗe a zaune yana kallon allon. Da ya buɗe baki, ba maganar taswira ya yi ba.

"Direban nan na ranar," ya ce, "ki tambayo mini ofishinsu ko har yanzu yana aiki. Ina da magana da shi."