Tsanin Ƙarfen da Na Tilasta wa 'Yata Hawa

Lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gwarzo, shekarata shida ke nan da baro garinmu a kudancin Kaduna. Maigidana yana da shagon kayan masarufi a bakin titi, muna da yara biyu, mace mai shekara biyar da namiji mai shekara uku. Ni mace ce mai son a ce gidana ya fi na kowa tsari, don haka ba na jin daɗin yadda yarana ke wuni a gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Inna, su dawo mini buɗu-buɗu da ƙasa. Sai na ƙudura zan yi musu wurin wasa a tsakar gidanmu, wanda zai zaunar da su wuri ɗaya.

A waya na ga hoton abin da nake so: dogon tsani na ƙarfe, da ɗan dandali a sama, da faifan ƙarfe mai santsi wanda yaro zai zauna a kai ya zamo ƙasa. Na kai wa wani mai walda a Kabo hoton. Ya tambaye ni shekarun yaran, da na faɗa masa sai ya ce in bari ya rage tsayin da rabi, kuma in tabbata an kafa shi a inuwa. Na ce masa yara girma suke yi, ba na son abin da za su raina bayan shekara biyu. Ya yi mini yadda na ce. Ranar da aka kawo shi maigidana ya nuna gindin darbejiyar da ke ƙarshen gidan, ni kuwa na dage sai a tsakiyar fili, inda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da shi. Inna ta leƙo, ta ɗora tafin hannunta a kan faifan, ta yi mini barka, sannan ta ce a hankali ƙarfe da rana ba sa shiri da fatar yaro. Na yi mata godiya, a raina na ce tsohuwa ba ta san kayan zamani ba.

Kwana uku yaran suka yi suna murna da shi, shi ma sai na ɗaga su na ɗora. Ƙaramin ƙafarsa ba ta kaiwa daga mataki zuwa mataki, babbar kuma da ta kai sama sai ta ƙanƙame ƙarfen tana kallon ƙasa. Kafin mako ya zagayo sun koma gidan Inna, inda babu komai sai tulin yashi da tsofaffin gwangwanaye. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Wata Asabar cikin bazara, abokan aikina mata biyu suka kawo mini ziyara bayan azahar. Suka yaba abin wasan, ɗaya ta ce tana so ta ga yadda ake hawansa. Na aika aka kira 'yata, na ce ta hau ta nuna wa baƙi. Ta taɓa tsanin ta ce mini da zafi. Na ɗauka taurin kai ne take so ta yi mini a gaban mutane, na harare ta, na ce kada in sake maimaitawa. Ta hau tana ɗaga hannu ɗaya tana sauke ɗaya. Ni ina tsaye a inuwar baranda, ban taɓa ƙarfen ba. Tana zama a kan faifan da 'yar guntuwar rigarta ta ƙwalla ƙara, maimakon ta zame sai ta yi tsalle ta gefe, ta faɗo a kan hannunta.

A asibiti aka ce ƙashin wuyan hannunta ya tsage, bayan cinyoyinta kuma duk sun yi bororo. Ma'aikaciyar da ke wanke ƙunar ta tambaye ni yadda aka yi yarinya ta hau ƙarfe da tsakar rana. Na ce ina cikin ɗaki ta faki idona ta hau. 'Yata tana kwance rub da ciki, ta juyo da kai ta dube ni. Wannan kallon ya fi damuna a kan karayar. Haka na maimaita wa maigidana, har ya yi mata faɗa a kan rashin jin magana, ta karɓi faɗan ba ta tona ni ba.

Kwana goma na yi da abin a cikina. Yarinyar da ke bina ko'ina ta koma sai ta ga mahaifinta ko Inna take sakewa. Wata safiya ina shafa mata magani na kasa daurewa, na kira babanta, na faɗi gaskiya a gabanta, na ce ni na tilasta mata, ni kuma na yi ƙarya. Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, sannan ta tambaye ni ko zan sake cewa ta hau. Na ce har abada.

Bayan an cire mata ɗaurin hannun, na zaunar da yaran su biyun na tambaye su abin da suke so, tambayar da ban taɓa yi ba tun farko. Ita ta ce ɗan ɗaki da za ta riƙa dafa abincin wasa, shi ya ce yashi. Mai waldan ya zo ya yanke tsanin, ya haɗa wata 'yar rumfa da ƙarfen a gindin darbejiya, muka rufa mata zana, muka zuba yashi, muka rataya tsohuwar taya ta zama lilo, ƙasa-ƙasa yadda ƙafarsu ke taɓa ƙasa. Yau shekara uku ke nan, har yanzu a nan suke yini, yaran unguwa ma nan suke taruwa.

Na gane cewa wancan tsanin ba don yarana na yi shi ba, don idon baƙi na yi shi. Iyaye 'yan'uwana, in za ku yi wa yara wurin wasa, ku auna shi da tsayinsu na yau, ku nemi inuwa, ku taɓa shi da hannunku da rana tsaka kafin ku bar su su hau. In kuma yaro ya ce muku da zafi, ku yarda da shi. Tabon da ke cinyar 'yata ya kusa ɓacewa, amma har yau in zan ce ta yi wani abu, sai na ga ta fara duban fuskata tukuna.