Ranar da Kwamfutar Ƙawata Ta Ƙi Tashi

A shekarar da muke rubuta furojet ɗin kammala digiri, ni da ƙawata duk muna koyarwa a firamare, ni a cikin garin Gaya, ita a Toranke inda take aure. Karatun ƙarshen mako muke yi a Kano, tare muke tafiya tare muke dawowa. Tun muna 'yan mata muke ƙawance, kuma a duk abin da mata ke gwada juna da shi ni ce a gaba. Maigidana harkar hatsi yake yi, gidanmu na bulo ne da sola, kwamfutata kuma sabuwa fil ya sayo mini a kwalinta. Ita manomi take aure. Kwamfutarta ta hannu ce, tsohuwa, murfin ya tsage an liƙe shi da salatif. Ban taɓa zaton akwai abin da zan gani a gidanta raina ya biya ba.

Da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, ta kira ni da hantsi. Ta ce kwamfutar ta daɗe tana sandarewa, wani lokaci fuskarta ta koma shuɗiya ta kashe kanta, amma yau ta mutu gaba ɗaya, kuma babi na huɗu na furojet ɗinta yana ciki. Na taɓa yin ɗan kwas na kwamfuta, don haka a cikin ƙawayenmu ni ake nema. Ana tashi daga makaranta na nemi izinin maigidana a waya, na hau adaidaita sahu.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, kwamfutar a gabanta. Mijin yana tsugune a gefe, ƙafafunsa duk ƙasar gona. Ashe yana jin labari ya bar masu aiki ya taho. Muka gaisa, ya yi mini sannu da hanya, na ɗauka zai fita ya bar mu kamar yadda maza ke yi. Sai ya ja baya kaɗan ya zauna a bakin rumbu.

Na fara da abin da na sani. Na duba caja, fitilarta na ci. Na cire batir, na danne madannin kunnawa na ɗan lokaci, na sa caja ita kaɗai na kunna. Fanka ta juya, tambarin kamfani ya fito, ƙawata har ta fara hamdala, sai fuskar ta yi shuɗi ta ɗauke. Na sake gwadawa ta hanyar da ake bi idan manhaja ce ta rikice, nan ma ba ta je ko'ina ba.

"Malama," in ji mijin, "ban sani ba ko zai yi amfani. Nan gefen hagu take zafi, kuma ta fi yin haka in an buɗe babi na huɗu, inda teburorin lissafi suke."

Na ɗago na dube shi. Mutumin nan allo ya yi da firamare, ko madanni ɗaya bai sani ba. Cikin wasa na tambaye shi ko ya san abin da matarsa ke rubutawa. Ya ce ai a kan yaran da ke daina zuwa makaranta lokacin girbi ne, ya faɗi kan maganar da Turancinsa na karye, ita tana gyara masa tana dariya da hawaye a fuskarta. Ta ce duk abin da ta rubuta sai ta karanta masa da Hausa, shi kuma ya yi ta gardama. Shi ne ma ya zaga da ita gidajen manoma har Gafasa a kan babur, yana jira a waje tana yi wa matan tambayoyi.

Na sunkuyar da kai na ce a ba ni sukudireba.

Ya kawo wadda yake kwance rediyo da ita. Na buɗe bayan kwamfutar, ƙura ta yi kauri a fankar kamar auduga. Na share, na zare ɗan katin da ake kira ram na goge bakinsa na mayar. Duk ƙusar da na cire sai ya karɓa ya sa a murfin kwano don kada ta ɓace. Da na sake kunnawa sai ya kara kunnensa, ya ce yana jin wani ƙas-ƙas kamar ƙwaro a buhun wake. Na saurara, na ji. A kwas an koya mana cewa wannan ƙarar daga ma'ajiyar bayanai take fitowa idan ta kusa lalacewa.

Na tambaye ta ko ta kwafi aikin a filashi. Ta ce har babi na uku kawai. Nan na hau ta da faɗa, faɗan da ya wuce laifin, ina tuna mata sau nawa na gaya mata. Ta share ido da gefen mayafi. Mijin ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Takardun tambayoyin suna nan a akwati, ko? To me ya ɓata? Ni zan riƙa karanto miki lambobin, ke ki rubuta. In gyaɗa ce, ta jira."

Na san gyaɗa ba ta jira, shi ma ya sani. Na tattara ƙusoshin na ɗaure bayan kwamfutar.

Washegari suka kawo ta Gaya wajen wani mai gyara a bakin kasuwa, na same su a can. Mai gyaran ya zare ma'ajiyar ya jona ta da wata kwamfuta. Hotuna suka fito, babukan farko suka fito, amma babi na huɗu da aka buɗe sai wasu alamomi barkatai marasa ma'ana. Ya ce ma'ajiyar ta gama yawo, kuma zafi ya taɓa wani wuri a ciki, sai ya aika Kano an nemo kayan, ba kuma ya da tabbas. Ni na riga na miƙa nawa babin ga malamin da ke duba mu, don haka na ce ta ɗauki tawa ta yi aiki da ita. Sun yi ta godiya har na ji kunya, domin ni na san zuciyata ba ta yi fari kamar yadda suke zato ba.

Da yamma maigidana ya dawo, na kawo masa abinci na ba shi labari. Mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni karatu ba, bai taɓa bari na nemi wani abu na rasa ba. Ya jajanta, ya ce na kyauta da na ba ta aro, in kuma tawa ta samu matsala a hannunsu kada na damu, za a sake wata. Na tambaye shi ko ya san a kan me nake rubutu.

Ya yi murmushi. "Malama, ai wannan fanninki ne. Ni dai nawa addu'a."

Na ce bari na karanta masa kaɗan, ya ce bismilla. Na ɗauko takardun da na buga, na fara fassara masa, yana gyaɗa kai da gaske. Ban kai ƙarshen shafi ba waya ta yi ƙara, motar dawa ta lalace a hanyar Wudil. Ya ɗaga mini hannu alamar yana zuwa, ya fita zaure. Da ya dawo ya manta, ni kuma ban tuna masa ba.

Makonnin da suka biyo baya ƙawata kan kira ni ta faɗa mini inda aka kwana. Sai ta ce mun gama tebur na farko, mun gano kuskure a lissafin Gafasa, mun yi musu a kan abin da wata tsohuwa take nufi. Wannan "mun" ɗin ita ta fi ci mini rai. Wani lokaci ina ganin kiranta sai na bar wayar ta yi ta ƙara, daga baya na ce ina aji. Na gaya wa yayata abin da ke damuna, ta dube ni kamar na zautu, ta ce mata nawa ne ke neman irin gidana, in gode wa Allah. Na gode masa, kuma abin bai tafi ba.

Ta gama babin a kan lokaci. Tata kwamfutar ba ta sake tashi ba, mai gyaran ya saye ta don kayan ciki. Duk mun ci, makina ma ya ɗara nata. Mijin ne ya dawo mini da tawa, naɗe cikin bargo, da ƙullin gyaɗa sabuwa.

Bayan kwana biyu ina neman wata takarda a ciki sai na ci karo da hoton da ban sani ba. Kyamarar kwamfutar ce ta ɗauka. Ita da mijinta ne, kawunansu a haɗe, sun ƙura wa fuskar ido, shi bakinsa a buɗe yana karanto wani abu, ita ta ɗaure fuska irin ta mai lissafi. Hoton ko kyau bai yi ba, rabin goshinsa ya fita. Na tura mata a waya, ta kira ni tana dariya, ta ce shi ne ya danna wani wuri bisa kuskure, in goge kawai. Na ce to. Har yanzu yana nan, kuma nakan buɗe shi fiye da yadda ya kamata.