Kwanon Ciyayya

Ban taɓa zama a tabarmar ciyayya ba, tunda ni mace ce, amma daga kwanona nake sanin yadda aka tashi. A layinmu na Jibiya, bayan Magariba kowane magidanci kan fito da abincin gidansa, a haɗu a ƙofar gidan wani tela maƙwabcinmu a ci tare. In kwano ya dawo a suɗe, mai girki ta ji daɗi. In ya dawo da saura, sai ta tuhumi hannunta.

Maigidana ɗan dako ne. Daga ƙasar Maraɗi ya zo tun yana saurayi, ni kuwa 'yar Daddara ce. A tabarmar nan akwai Bazabarme mai sayar da albasa, da Bayarabe bakanike, da Buzu mai shayi, ba wanda ya taɓa tambayar wani asalinsa. Shi telan kuwa, shekarun da keken ɗinkinsa ya yi yana zaman banza, tuwona ne ya riƙe shi. Na san gori nake yi, kuma sai na yi.

Sai harkar man fetur ta buɗe masa. Ya je Makka ya dawo, ya rushe zaure, ya ja katanga da ƙaton get. Manyan 'yan kasuwa suka saye gidajen layin, Bayaraben da Bazabarmen suka koma bayan gari. Ciyayya ta koma cikin get, kan kafet. Maigidana bai fasa fita da kwano ba, kuma kullum a suɗe yake dawowa. Har yakan ce Alhaji ya yaba miya. Ni kuwa sakarya, sai in ƙara man shanu.

Wata rana ina dawowa daga barkar haihuwa, ana idar da Magariba, na hango maigidana kan benci a wajen get, shi da maigadi, kwanona a tsakaninsu. Daga ciki ana ta dariya. Na ja mayafi na wuce.

Da safe na shiga wurin matar Alhaji, wadda ni na yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari. Ta kasa haɗa ido da ni.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji ta. "Baƙin nashi ne ba su son zama da mutanen Faransa, wato 'yan ƙetaren iyaka irin mijinki, wai suna kwasar magana su kai tsallake. Shi ko Alhaji kin san shi da kunya, shi ya sa ya aiki maigadi ya hwaɗa mai ya bar shigowa. Tun damina ne."

Kunya! Mutumin da ya yi shekaru yana tsoma hannu a kwano ɗaya da mijina, bai iya fitowa ya gaya masa da bakinsa ba. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba.

Da yamma na ƙi zuba tuwon fita. Na ce, "Malam, na san komai. Yau a gida za ka ci."

Sai ya ce, "Don Allah ki zuba. In na bar hita da kwanon ga, ɗiyanmu za su gane an kore ni. Bari su ɗauka ubansu na cikin mutane."

Na zuba. Har yau ina zubawa, in miƙa masa, in tsaya bayan ƙyaure ina jin takunsa har ya kai bencin.